Jirgin da Ba a Waiwayarsa

Shekara goma sha tara ke nan ina haɗa jirgin pajak na ƙauyenmu, ban taɓa ganin ɗaya ya dawo ba sai bara. Zan faɗi yadda aka yi, kuma zan kama sunan kowa, har da nawa. Sunana Sanan.

Sana'ata gyaran injin kwale-kwale. Amma sau biyu a shekara, in iska za ta juya, nakan ajiye sifana in ɗauki adda, mu hau dutse da mazan ƙauye mu saro itacen rakam. Da shi nake haɗa jirgin, tsawonsa kamar mutum biyu a kwance. Ba jirgin shiga ba ne. Kowane gida zai kawo gashin mutanensa da farcensu, da guggurun shinkafar da aka goga a jiki, da 'yan mutum-mutumin itace, ɗaya a madadin kowane rai. Cuta, mugun mafarki, baƙin jini, duk abin da gida ya gaji da ɗauka, a cikin jirgin ake saukewa. Da asuba sai kwale-kwale ya ja shi ya wuce Dutsen Kunkuru, a yanke igiya, ruwa mai janyewa ya yi yamma da shi. Mu da ke gaɓa mu juya baya mu koma gida, ba mai waiwaye. Da yamma dattijonmu To Hem ya kafa sanduna bakwai a bakin ruwa. Da zarar ta bakwai ta tsaya, gaɓa ta rufe, ba abin da za a sake aikawa sai bayan wata shida.

Kwana biyu kafin bikin, Daruni ta zo rumfata. 'Yar ƙanwata Lamai ce, tana aikin guga a otal ɗin da ya cinye bakin ruwanmu na gabas. Cikinta wata bakwai. Sau biyu tana kai ciki wata takwas, sau biyu muna haƙa ƙaramin kabari.

"Kawu, ka ƙara mini guda biyu," in ji ta.

Na ce, "Na gidanku na gama. Ke, uwarki, da wannan ragon mijin naki."

"Ƙanana nake so. Kamar ɗan yatsa."

Na ajiye wuƙa. "Ba a sassaƙa wa matattu, Daruni."

"To Hem ya ce a yi. Na gaya masa ba su tafi ba, Kawu. Suna nan suna kiran wannan." Ta ɗora hannu a cikinta. "In ba su bi jirgin jibi ba, na gaba sai bayan wata shida. Ni kuwa saura wata biyu."

Na sassaƙa mata su tana zaune. Ta ciro zare daga aljihun rigar aikinta, ta ɗaura wa ɗaya ja, ta ɗaura wa ɗaya baƙi. Ja na farkon ne, mace. Ta naɗe su a haɓar zane ta tafi, ko godiya ba ta yi ba, ni ma ban so ta yi ba.

Ba ta jima da fita ba sai ga mijinta Wirot. Shi ke jan jirgin pajak shekara huɗu ke nan, don injinsa ya fi na kowa lafiya, kuma ni na san dalili, ni nake gyara shi. Sauran kwanakin shekara baƙin otal yake kaiwa kallon kifi. Ya shigo da baƙin tabarau a goshi kamar wani direban jirgin sama.

"Kawu, sannu da aiki. Kai, wannan jirgi ya fi na bara kyau!"

"Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya sosa ƙeya. "Manaja ne. Wai baƙi shida suna so su bi ni ranar, su ga yadda ake saki. Za su zauna shiru. Hoto kawai."

"Ka ce masa in uwarsa za ta yi wanka ya kira mu, mu ma hoto kawai."

"Haba Kawu!"

"Haba me? Gashin matarka ne a ciki. Farcen surukarka ne. Kallo ne wannan?"

"Ai suna girmama al'adarmu ne. Cewa suke ba su taɓa ganin irinta ba."

"Biri ma da aka ɗaure a ƙofar otal ba su taɓa ganin irinsa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, amma ba gida ya nufa ba, wurin To Hem ya tafi. Da yamma na bi sawu. Na tarar da tsohon yana fere sandunansa, bai ko ɗago ba.

"Na san abin da za ka ce, Sanan. Amma gaya mini, ta ina za mu fitar da jirgin?"

Tun da aka ja katanga daga tsohuwar rijiya har bakin dutse, hanya ɗaya ce ta rage zuwa gaɓar gabas, kuma ƙofar ƙarfe ce a kanta, makullin yana aljihun manaja. Sau biyu a shekara yake buɗe mana, kullum da murmushi, kamar ya ba mu kyautar teku. Wurin da kakana ya shanya taru, yau sai na nemi izini in taka.

Na ce, "Da ni ne, da ta kan katangar zan ɗaga shi."

"Shi ya sa ba kai ba ne," in ji To Hem. "Miƙo mini waccan sandar."

Laifina na farko ke nan. Na miƙa masa sandar, na koma gida.

Ranar bikin tun gari bai gama wayewa ba muka fito da jirgin a kafaɗa, mata na biye da waƙa. Kowane gida ya zuba nasa. Daruni ce ta ƙarshe. Ta durƙusa da ƙyar, ta sa ƙananan mutum-mutumin nan biyu a can ƙarƙashin goshin jirgi, ta rufe su da guggurun shinkafa. Ruwa ya fara janyewa, daidai lokacinsa. Wirot ya ɗaura igiya, ya tayar da inji. Amma bai kama hanya ba.

Na ce, "Me kake jira?"

"Baƙin, Kawu. Yanzu za su fito."

Muka tsaya, ƙauye guda, tsofaffi da masu goyo, da cutarmu a kan ruwa, muna jiran mutum shida su gama shan kofi. Na ga ruwa ya bar dutsen farko, na ga ya bar na biyu. Rana ta fito sosai kafin su iso, wani da gajeren wando, wata da abin da ba zan kira sutura ba, kowa da waya a sama. Ɗaya daga cikinsu ya ce wani abu, Wirot ya fassara wai mata su sake waƙar, bai ɗauka daga farko ba. Kuma suka sake. Wannan ma na gani da idona.

Suka shiga, inji ya yi ƙara, jirgin pajak ya bi bayansu yana rangaji. To Hem ya ɗaga hannu, dukanmu muka juya wa teku baya, muka bi ƙofar ƙarfe muka koma gida. Ba wanda ya waiwaya, don haka aka koya mana. Mutum ɗari uku a bakin ruwa, ba ɗaya da ya ga abin da ya faru a bayansa.

Daga baya na ji sauran daga bakin Wirot kansa. Sau uku ya kewaya da jirgin a cikin mashigin ruwan da ke gaban otal, don hasken rana bai yi musu daidai ba. Sannan wata ta fara amai. Bai kai Dutsen Kunkuru ba, nan ciki ya yanke igiya ya juyo da su, ga abincin safe yana jiransu. Ruwan kuwa ya riga ya gama janyewa, ya fara dawowa.

Rana ta take tsaka ina ƙarƙashin wani inji sai na ji muryar Lamai tun daga bakin hanya.

"Yaya! Yaya, fito! Ya dawo!"

"Wa ya dawo?"

"Jirgin! Yana otal! Daruni ta kai mayafan tebur ta gan shi. Tana can zaune a ƙasa, ta ƙi magana!"

Ban wanke hannu ba. Maigadin ƙofa ɗan ƙauyenmu ne, ya taso zai ce wani abu, na kalle shi, ya koma ya zauna.

Ɗakin cin abincin buɗe yake ta wajen teku, fanka na juyawa, ana kiɗa a hankali. A tsakiya, a kan dogon tebur, ga jirgina. Sun wanke shi. Sun shimfiɗa leda a ciki sun cika da ƙanƙara, sun jera jatan lande da ƙaguwa da yankakken lemon tsami. Sun soka furanni a goshinsa. Wani ƙaton Bature jajawur yana ɗiba da cokali mai baki biyu daga daidai wurin da Daruni ta kwantar da 'ya'yanta da safe.

Ita kuwa tana bayan ginshiƙi, zaune a kan siminti, da mayafan tebur a cinyarta har yanzu a ninke.

Manaja Anuwat ya taho da sauri, da farar riga da murmushin nan nasa. Mutumin birni ne, shekara uku a tsibirinmu, kalma ɗaya ta harshenmu bai iya ba.

"A'a, Kawu Sanan! Mai aikin da kansa! Zo ka ga yadda baƙi suke yaba hannunka. Da safe yarana suka tsince shi a bakin ruwanmu, na ce wannan ai asara ce a bar shi ya ruɓe."

"Ni ba kawunka ba ne. Ina abin da ke ciki?"

"Wace irin magana..."

"Abin da ke ciki. Ina yake?"

"Af, dattin? Gashi ne da su shinkafa. An share, yana baya." Ya rage murya. "Amma 'yan tsanan ban bari an zubar ba, ka ga ina darajanta aikinku. Suna wurin karɓar baƙi, kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi gida, ya riƙa tuna ku."

Na taɓa karanta cewa fushi yakan rufe ido. Ni nawa buɗe mini ido ya yi. Na ga komai tar: ƙanƙarar da ke narkewa tana ɗiga a ƙasa, baƙin man da ke hannuna, 'yan matan ƙauyenmu uku da ke rabon faranti sun sunkuyar da kai. Sun san jirgin. Su ma gashinsu yana ciki da safe. Tun ƙarfe goma suke kewaya shi da faranti, ba wadda ta buɗe baki.

Na ce da su, "Ku ma? Ke Somsi, ba tarin ubanki aka sa a ciki ba?"

Somsi ta fashe da kuka. "Kawu, aikina..."

"Riƙe aikinki."

Na je na kama gefen ledar da hannu biyu na fizge. Ƙanƙara da jatan lande da ƙaguwa suka watse a ƙasa har ƙarƙashin kujeru. Baturen nan ya yi tsalle baya da farantinsa. Wata ta yi ihu. Wasu kuwa wayoyi suka ɗaga, ina jin sun ɗauka wannan ma cikin bikin ne.

"Ka haukace?" in ji Anuwat. Murmushin ya tafi. "Ka san nawa ne wannan abincin? Zan kira 'yan sanda!"

"Kira su. Ka gaya musu ka ciyar da baƙinka a cikin kwanon cutar ƙauye guda. In ba ka iya faɗa da Turanci ba, ni na koya a bakin inji, zan taya ka."

Ya dubi baƙin, ya dube ni, ya ja da baya. Ba kunya ce ta kama shi ba, kada wani ya yi zaton haka. Lissafi ya yi.

Lamai ta zagaya baya ta dawo da baƙar ledar shara. Gashinmu yana ciki, haɗe da ɓawon kankana da guntun taba. Haka muka juye shi a jirgin, don ba wanda zai iya tsince nasa. Daruni ta miƙe da kanta, ta wuce wurin karɓar baƙi, muka bi ta. Ga kwando a kan teburin wurin, da ɗan allo an yi rubutu da zanen fure. Mutum-mutumin da na sassaƙa sun kai ɗari uku, kwandon ya ragu sosai. Ta juye shi a kan teburin tana tonawa da yatsu. Ta sami mai baƙin zare. Ta sake tonawa, ta sake.

"Babu ja," in ji ta. Maganarta ta farko ke nan.

Yarinyar da ke tsaron teburin ta ce a hankali, "Wata 'yar baƙi ce ta ɗauka, ƙarama, mai farin gashi. Ta ce jaririyarta ce. Sun tafi tashar jirgin ruwa, jirgin ƙarfe biyu za su bi."

A nan na yi laifina na biyu, kuma shi ya fi muni. Na ji wani daɗi ya taso mini.

Na ce, "To, shi ke nan. Ku bar su. Ba su suka ce suna son al'adarmu ba? Ga ta nan sun samu, har da kayan cikinta. Jirginsu ya fi namu nisa. Su kai mai jan zaren ƙasarsu, ta kira wanda za ta kira a can."

Lamai ta ce, "Gaskiyar Yaya. Wanda ya ɗauka shi ya ɗauka. Zauna, 'yar nan, kin ga cikinki."

Daruni ta dube ni. Tun tana rarrafe na san ta, ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

"Kawu, kai ka haƙa kabarin. Ka san nauyinta. Shi kake so in ɗora wa 'yar wata?"

"Su suka..."

"Shekararta nawa? Huɗu? Ita ta ja katanga? Ita ta sha kofi?" Ta cusa mai baƙin zaren a rigarta. "Ni teku na ba wa 'yata. Ban ba wa kowa ba."

Ta fita. Ni da nake yi wa ƙauye wa'azi a kan komai, daga giya har gajeren wando, na bi bayan 'yar ƙanwata kamar an ja ni da igiya.

Tasha cike take, jakunkuna a ko'ina, ana ta kiran sunaye. Wirot yana can yana sauke kayan baƙi daga kwale-kwalensa. Da ya hango mu, jakar da ke hannunsa ta kusa faɗawa ruwa. Daruni ko kallonsa ba ta yi ba. Ta riga ta ga yarinyar, zaune a kan akwati, ta naɗe mutum-mutumin a hankici tana jijjiga shi tana masa waƙa.

Daruni ta durƙusa a gabanta, da wannan cikin, ta miƙa hannu. Turancinta na ɗakin guga ne, bai wuce kalma goma ba. Ta ce don Allah. Ta nuna abin, ta nuna ƙirjinta. Yarinyar ta ƙanƙame shi. Uwar ta matso tana murmushi, ta buɗe jaka ta zaro takardar kuɗi tana miƙa wa Daruni.

Na ce da Turancina na bakin inji, "Ba sayarwa. Ba kyau. Ciwo a ciki."

Uban ya ce otal ne ya ba su, kyauta ne, ga allo ma an rubuta. Ya faɗa sau biyu da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma. Jirgi ya yi ƙaho, mutane suka fara shiga.

Daruni ta kama hannun yarinyar, ta buɗe 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta cire abin.

Ihun da yarinyar ta yi har yau yana kunnena. Uwar ta fizge 'yarta tana zagi, uban ya yi kan Daruni, na shiga tsakani da baƙin hannuna a ƙirjinsa. Wayoyi suka tashi ta ko'ina. Na san abin da suka ɗauka: baƙar mace ta ƙwace wa farar yarinya abin wasa. An ce har yanzu hoton yana yawo a waya, da rubutu a ƙasa wai a yi hattara da mutanen tsibirinmu. Ba wanda ya rubuta cewa ta yi haka ne don yarinyar.

Daruni ta miƙe tana haki, ta juya wurin mijinta.

"Kai. Sauke kayan nan."

"Daruni, wallahi ban san zai dawo ba. Matar ce ta fara amai, ni kuma..."

"Ka kai Dutsen Kunkuru?"

Ya duƙa yana gyara jakar da ke gabansa.

"Ina tambayarka, mai tabarau. Ka kai?"

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan! 'Ya'yanka ne a ciki, ka ajiye su a hanya don kada ƙwai ya huce. Kai ka dawo da su, kai za ka kai su. Yanzu."

"Ina da baƙi ƙarfe uku. Manaja zai..."

"To aure manajan, ya haifa maka."

Matuƙan da ke tasha suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wirot, ka je, ni zan riƙe maka amaryar taka!" Ya cire tabarau, ya fara kwance igiya.

Kafin mu kewayo gaɓar gabas, labari ya gama ƙauye. Maza takwas sun shiga ɗakin cin abincin ba sallama sun ɗauko jirgin, yana ɗigar ruwan kifi. Anuwat ya kulle ƙofar ƙarfe don ya nuna mana, sai suka ɗaga jirgin ta kan katanga. Mutane suka yi ta tona kwandon da aka ɗauko daga otal suna neman nasu. Da yawa ba su samu ba, sun riga sun shiga jakunkuna. Tsohuwa Ngim ta rasa na jikanta mai farfaɗiya, ta zauna a yashi tana tsine wa otal da wanda ya sayar da filin, wanda kuwa ɗanta ne.

To Hem yana bakin ruwa da sandunansa, ya riga ya kafa huɗu. Na je na tsaya a gabansa.

"Baba, ruwa ba zai janye ba sai rana ta kusa faɗuwa. In ka kafa ta bakwai kafin mu saki, aikin banza muka yi."

"Ba a taɓa sakin jirgi sau biyu ba, Sanan."

"An taɓa cin jatan lande a cikinsa?"

Ya dubi jirgin. Sannan ya tofa goron bakinsa. "Na tsufa. Ramin ta bakwai yakan ba ni wahala ƙwarai. Wani lokaci sai in yi ta haƙa, yashi na komawa." Ya dubi Wirot. "Kai kuma, in ka sake yankewa a cikin mashigi, kada ka dawo, bi shi."

Mace mai ciki ba ta bin jirgin pajak. Lamai ta faɗa, To Hem ya faɗa, Daruni ta shiga kwale-kwalen ta zauna. Ni ma na shiga, na zauna kusa da inji, don ban yarda da Wirot ba ko da taku ɗaya. Ta mayar da ƙananan mutum-mutumin biyu ƙarƙashin goshin jirgi, ja da baƙi, ta ɗaure su da sauran zaren don kada su motsa.

Muka wuce Dutsen Kunkuru, Wirot ya rage wuta. Na ce, "Wa ya ce ka tsaya?" Ya ƙara. Muka yi ta tafiya har farin ginin otal ya koma kamar haƙori ɗaya a bakin tsibiri, sannan ya ɓace. Can muka kashe inji muka jira. Wirot ya ce ko Daruni za ta sha ruwa, ta kau da kai. Na sa hannu a teku ina saurare, har na ji ya fara jan yatsuna zuwa yamma.

Na ce, "Ya juya."

Wirot ya ɗauko wuƙa. Daruni ta miƙa hannu, ya ba ta. Ita ta yanke. Sannan ta juya baya ta fuskanci gida, ta rufe fuska da haɓar zane. Wirot ma ya juya, ya tayar da inji.

Ni ban juya ba. Shekara hamsin da biyu ban taɓa waiwayar jirgin pajak ba, ubana bai taɓa ba, kakana bai taɓa ba. Ran nan na zauna a bayan kwale-kwale na zuba masa ido, ina kallo yana ƙanƙancewa, har ya zama ɗigo, har na daina ganinsa. Sai da na tabbata.

Da muka iso, rana ta taɓa ruwa. To Hem yana durƙushe da sanda ta bakwai a kafaɗa, yana ta haƙa rami ɗaya da hannu, yana mita wai yashin bana ba shi da kirki. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya kafa ta.

Washegari aka sallami Daruni daga aiki, saboda abin da ya faru a tasha. Wirot ba a sallame shi ba. Ta haihu a asibitin babban gari cikin wata na tara, mace, da rai, mai ƙarar murya kamar uwarta. Ba zan ce jirgi ne ya yi ba, ungozomar asibiti ma ta yi nata. Abin da na sani, wata biyun nan Daruni ta yi barci. Tana gidan uwarta har yanzu. Wirot yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa da ledar madara, wani lokaci a ba shi jaririyar ya riƙe, wani lokaci a karɓi ledar kawai.

Anuwat bai kira 'yan sanda ba. Abin da ya yi ya fi haka. Ya sayo jirgin roba daga birni, an yi masa fenti kamar rakam. Duk Asabar da yamma, lokacin da haske ya yi wa hoto daidai, sai 'yan matanmu su sa zanen rawa su yi waƙar, baƙi su rubuta damuwarsu a takarda su jefa ciki. Wirot ya ja shi ya kewaya bayan dutse, ya dawo da shi ta ƙofar kicin. Somsi ce ke jan waƙar. Yara ƙanana a ƙauye yanzu in ka ce pajak, sai su tambaye ka na Asabar ko na tsofaffi.

Na tsofaffin ni nake haɗa shi har yanzu, ni kuma nake ja, da kwale-kwalen aro. In To Hem ya ɗaga hannu kowa ya juya baya, ni ina can bayan Dutsen Kunkuru da fuskata a yamma. Ya ce mini wannan saɓa wa kakanni ne, kuma wata rana zan gamu da abin da nake kallo. Na ce na ji. Kakanni ba su da otal a bayansu.